Iskar Yashi da Iskar Kwalta

Mahdiya, Sabha

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, duk da cewa tafiyar da za ta yi ba ta wuce daga ɗakina zuwa ƙarƙashin ƙofarki ba. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, har da bakin mutanen gida.

Ina sanar da ke, cikin alhini da dangana, cewa yau da hantsi mahaifinki ya faɗi. A tsakar gida ya faɗi, da mazaunai, kusa da randa. Shaidu biyu ne, innarki da kyanwar maƙwabta. Kyanwar ta nuna tarbiyya, ta kau da kai. Innarki kuwa sai da ta dafa bango.

Ga yadda abin ya faru. Na tarar da akwatinki a bakin ƙofa ya tare hanya. Na san abin da kika zuba a ciki makon jiya, littattafai da atamfofi da dabinon da za a kai wa Gwaggo, don haka na gyara tsayuwa, na yi bisimilla, na tattara ƙarfin da nake ɗaga tayar babbar mota da shi, na fizga. Akwatin ya taso kamar busasshiyar ƙwarya. Shi ya yi sama, ni na yi ƙasa.

Ina nan zaune na tambayi innarki ina kayan suke. Ta ce, "Sun koma inda suka fito. Ta ce ta fasa tafiyar."

Na ce, "Wa ya ce ta fasa?"

Ta ce, "Wani malami ne ya yi wa'azi a kan tuwo ranar Litinin. Ko ba ka halarta ba?"

Na halarta, ni ne ma mai wa'azin. Bari in maimaita abin da ya faru don kada tarihi ya ƙara gishiri. Motar Kawu Mamman za ta tashi ranar Asabar zuwa Agadas, daga can ki wuce Damagaram gidan Gwaggo, ki zauna jarrabawar shiga makarantar ungozoma, abin da kika daɗe kina shiri a kansa. Ranar Litinin ana cin abinci, ina daga tabarmata na hango hannunki yana rawa har miya ta ɗiga. Sai na ce, wadda hannunta yake rawa tun jarrabawa tana bayan hamada, me za ta yi ranar da aka miƙo mata mace haihuwa ta zo da gardama? Na ce irin wannan gara ta zauna a gida. Kika tsame hannu kika tashi. Tun ranar abin da ke haɗa ni da ke bai wuce "ina kwana" da "ga ruwa" ba.

Kada ki zaci na rubuto ne don in janye maganata. Mutum mai shekaruna, mai gemu, mai shago, ba ya janye magana don kawai ya faɗi da mazaunai sau ɗaya. Na rubuto ne saboda sunan mahaifiyata gare ki, in na tsaya a gabanki zan yi dogon bayani sai in ji kamar za a katse ni a ce in je in ɗebo ruwa. A takarda ba mai katse ni. Zan ba ki labarin sauran faɗuwar da na yi kafin ta yau, ki auna da kanki ko mai wancan wa'azi ya cancanci a bi shi salla.

Kina jin 'yan unguwar Tayuri suna kirana Mushe in sun kawo faci, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato na makarantar boko, a gida, kina kuma ganina da littafi ko a bakin injin hura iska. Wataƙila kina zaton na taɓa riƙe alli. Ban taɓa ba. Na dai nemi shiga makarantar horon malamai a Damagaram ina saurayi, ni da abokina Ilu. A ajinmu ni ne gwani, kuma na san ni ne, wanda shi ne rabin cutar. Ilu kuwa Allah ya yi shi da ciki mai jin labari. Da an ce jarrabawa ta kusa, sai ya kama zarya tsakanin tabarma da bayan gida, littafi a dama, buta a hagu. Ni na laƙaba masa Ilu Buta, sunan ya bi shi har ya yi furfura.

Ni ban san tsoro ba, ina cewa tsoro na dolaye ne. Watannin da Ilu ya yi yana haddar lissafi yana ramewa, ni na yi su a gindin bishiya ina dara, ina karanta tarihin sarakunan ƙasashen da ba za su fito a jarrabawa ba. Ranar da za a zauna na sha fura na ƙoshi, na shiga da riga mai guga, zuciyata kwance kamar ruwan randa. Ta kwanta sosai, har ta ja ni barci. Mai tsaron aji ne ya taɓa kafaɗata ya ce saura kaɗan a karɓi takardu.

Da sakamako ya fito aka liƙa a bango, ni na fara neman sunana daga sama, Ilu ya fara neman nasa daga ƙasa. Muka haɗu a tsakiya, a kan sunan Ilu. Na ci gaba har ƙasa, har na karanta sa hannun shugaban makaranta. Ilu ya dafa ni ya ce, "Wataƙila mantawa suka yi." Bai taɓa rama Buta ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Yau yaran da ya koyar sun cika gari, cikinsa kuma har yanzu yana motsi duk ranar da masu duba makarantu za su zo.

Don haka, Mamana, faɗuwar gaban da take tashinki da asuba ta sa ki buɗe littafi, kada ki nemi maganinta. Jikinki ne yake gaya miki abin nan yana da daraja a wurinki, don mutum ba ya rawar jiki a kan abin da bai dame shi ba. In kin ga ɗalibi ranar jarrabawa yana hamma cikin natsuwa, ki gaishe shi da kyau. Wataƙila nan gaba shi zai yi miki facin taya.

Kunya ce ta koro ni daga Damagaram. Na ce zan je arewa, bakin teku, in dawo da abin da zai sa a manta da bangon nan. Na sauka Sabha da niyyar ɗan hutawa, ga shi har yanzu ina hutawa. Na yi kwanaki ina tsayuwa a unguwar Jadid cikin masu jiran aikin yini, kowa da shebur ko guduma a gabansa, ni da littafi, har Haj Miftah ya tsaya da motarsa ya nuna ni. Yana da gomista, wato shagon gyaran taya, wannan dai da nake riƙe da shi yanzu. Daga baya ya gaya mini ya zaɓe ni ne don ya ga alamar ba ni da ƙarfin da zan gudu da kayan aiki.

Ban daɗe ba wani direba ɗan Agadas ya zo neman aron yaro. Nasa ya kwanta zazzaɓi, ga lodi an riga an ɗaure zai yi kudu. Haj Miftah ya ce in bi shi. A lokacin abin da na sani game da taya ɗaya ne tak: in ta yi laushi a hura.

Muka wuce Gatrun, kwalta ta ƙare, yashi ya fara. Direban ya tsaya, ya aike ni in tsinto itacen shayi. Kafin in dawo ya gama abin da zai yi, ya tafi inuwar wani dutse ya rufe fuska da rawani, fasinjoji kowa ya nemi inda zai raɓe. Ina zagayowa sai na ga abin tashin hankali. Tayoyin nan huɗu duk sun yi laushi, sun baje kamar kumatun tsohuwa. Na ce wannan bawan Allah barci yake bai san an yi asara ba. Ban tashe shi ba, don ina son ya farka ya ga irin yaron da aka ara masa. Na ciro famfon hannu. Mamana, rana tana tsaka, yashi yana gasa tafin ƙafa, na hura tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har kowace ta yi tauri, in ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar kalangu. Na mayar da famfo, na zauna ina haki ina jiran yabo.

Aka tashi. Ba mu yi nisan jifa ba motar ta fara haƙa. Ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna a yashi kamar kaza a kan ƙwai. Ya sauko, ya zagaya, ya sa ƙafa ya taɓa taya ɗaya. Ya taɓa ta biyu. Ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya juyo a hankali ya ce, "Jama'a, wane ɗan albarka ne ya taimake mu?"

Na ɗaga hannu. Wallahi da murmushi na ɗaga.

Har la'asar muna tono, maza da mata, wata tsohuwa 'yar garin Tawa tana tono tana yi mini irin addu'ar da ba a cewa amin. Da muka fito ya kira ni gefe, ya tsuguna ya sa tsinke a bakin taya, iskar da na sha wahalar hurawa tana fita tana tsaki. Ya ce, "Kai ɗan Damagaram, buɗe kunnenka. A kwalta taya mai tauri ake so, in ta yi laushi zafi take ɗauka ta fashe. A yashi kuwa sai ka rage mata, ta buɗe tafi kamar raƙumi ta bi ta sama. Ni na sace iskar da hannuna. Kafin ka taɓa famfo, dubi hanya tukuna."

Na ce, "To a sace duka mana a huta."

Ya ce, "Ka taɓa ganin motar da ta je Agadas a kan ƙarfe?"

Wannan direba shi ne Kawunki Mamman. Daga baya ya ba ni auren ƙanwarsa, kuma har yau ban gane ba ko yafiya ce ko ramuwa.

Ranar jarrabawa kwalta ce. Ki shiga da ƙirji cike, zuciya tana bugawa, da haka ake gudu. In hannu ya yi rawa ki bar shi ya yi, ki ja numfashi, ki fara da tambayar da kika sani. Kada dai ki sha fura. Amma watannin karatun da za su biyo baya, da kewar gida, da zama da mutanen da ba ki saba da su ba, wannan yashi ne, mai tsawo kuma. Wanda ya shiga yashi da tauri haƙa zai yi ta yi a wuri ɗaya, yana ba da wuta yana nutsewa. In kin ga kina maimaita layi ɗaya ya ƙi shiga, kin fara haƙa ke nan. Rufe littafin. Ki ci abinci mai zafi, ki yi barci, ki je ki taya Gwaggo gyaran zogale ki saurari gulmar unguwa. In wani ya kira wannan lalaci, ki ce masa iska kike sacewa.

Da na iya bin wannan shawara da kaina, da ban san ƙofar likita ba. Kin tuna shekarun da gari ya rikice, kina 'yar ƙarama. Kowa ya damu a lokacin, kuma da dalili. Amma mutane suna damuwa su tashi su nemo burodi, ni kuwa na mayar da abin sana'a. Rediyo biyu nake kunnawa lokaci guda don kada wani mugun labari ya wuce ni. Ina damuwa da bawwaba, shingen binciken da ke hanyar shago, ko ranar da ba zan fita ba. Ina damuwa da takardunmu, da layin mai, da wutar da aka ɗauke, da wadda aka kawo don na san za a ɗauke. In damuwar Sabha ta ƙare kafin azahar, sai in aro ta wata ƙasa.

Ranar da Haj Miftah ya aurar da ɗansa an gayyace mu walimar rana. Mun yi wanka, kin sha lalle, innarki ta ɗaura atamfar da take ɓoyo. Muna bakin ƙofa sai harbi ya tashi. Ni da na yi shekaru a garin nan, na san ba a ɗaura aure a Sabha bindiga ba ta yi magana ba. Amma kan da ya cika da rediyo ba ya tuna abin da ya sani. Na ce kowa ƙarƙashin gado.

Muna kwance a can, ni da ke da ita da tsofaffin takalma, innarki ta ce, "Malam."

Na ce, "Yi shiru."

Ta ce, "Harbin nan da guɗa a bayansa. Ka taɓa jin yaƙi da guɗa?"

Na ce, "Dabara ce."

Muka kai la'asar. Sai aka buga ƙofa, na ce kada wanda ya yi numfashi. Ke kika zame kika buɗe, don kin ji ƙamshi. Ƙanen ango ne da babban farantin kuskus da nama, ya ce Haj yana tambaya ko lafiya, an yi ta harbi har harsashi ya ƙare ba a ga Mushe ba. Ya leƙo ya ga ƙafafuna. Yaron kirki ne, ya gaishe su.

Wannan ta ba da dariya, sauran ba su ba da ba. Abinci ya daina yi mini daɗi, ƙeyata kullum kamar an ɗora dutse, barci sai gyangyaɗi a shago. Na zama mai faɗa a kan murfin buta. Akwai ranar da kika kawo mini zanen da kika yi a makaranta na daka miki tsawa don ana labarai. Wataƙila kin manta, ni ban manta ba. Ƙarshe jiri ya kwashe ni a bakin shago, aka kai ni wurin likita. Ya naɗa mini robar nan a damtse ya yi ta matsawa yana kallon allura, abin da nake yi wa tayoyin mutane kullum. Ya ce, "Mece ce sana'arka?" Na ce gomista. Ya ce, "Da mota ce ta zo maka da irin wannan awo, me za ka yi?" Na leƙa na ce, "Zan ce kowa ya matsa baya." Ya ce to hawan jini ke nan, ya rubuta ƙwayoyin da har yau nake haɗiya.

A hanyar dawowa innarki ta ba ni nata maganin. Ta ce, "Malam, damuwa baƙuwa ce. In ta yi sallama ka tambaye ta me ya kawo ta. In ta ce tashi ka gyara kaza, ka je wuri kaza, ka nemi gafarar wane, to 'yar aike ce, ka yi abin, za ta kama hanyarta. In ta ce ba komai, hira na zo, kada ka shimfiɗa mata tabarma. Kai kuwa har ɗaki ka ware mata." Bayan shekaru na tsinci maganar nan a wani littafin kiwon lafiya da bangonsa ya cire, an raba damuwa gida biyu, mai amfani da mai cutarwa, da dogayen kalmomi da zane-zane. Na kawo mata da murna na ce ga masana sun yarda da ke. Ta ce in sun zo Sabha su biyo ta ba su sauran. Ita dai tata damuwar a gindin tukunya take ƙarewa. Ki leƙa madafi ki gani, tun ranar Litinin tukwanen gidan nan ƙyalli suke kamar na amarya.

Ga yadda za ki bambance su. Mai amfani tana da aiki, tana kuma da lokacin tashi. An gama jarrabawa ta tafi, kin ji yunwa, kin yi barci har a yi ta tashinki. Mai cutarwa ba ta da ranar sallama. Tana hana ci, tana hana barci, tana sa ki huce a kan wanda bai yi miki komai ba, in kuma kin tambaye ta abin yi ba ta da amsa sai "in kaza ya faru fa?" In irin wannan ta zauna ta ƙi tafiya, kada ki yi irin tawa, ki rufe ki kira shi ƙarfin hali. Ki gaya wa wani. Ki kira innarki. Ki kai wa Allah ƙara a sujada, in kuma jiki ya fara magana ki je asibiti, ke da ma can za ki ƙare. Kuma ba kowace damuwa ce taki ba. Ta hanya ki bar wa Kawunki, shi ya san rijiyoyi, shi ya san masu bawwaba da sunan yaransu. Gwaggonki kuwa, Allah ya ja kwananta, tana da tarihin duk wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a Damagaram, tun daga kaina. In ta fara, ki ce za ki ɗora ruwa.

Saura faɗuwa ɗaya, ita ce kuma na fi daɗewa ina zagayawa.

Da likita ya tsorata ni, sai na yi abin da na tambayi Kawunki a yashi, na sace iskar duka. Na ba da rediyo ɗaya sadaka, na zama waliyyin kwanciyar hankali. Kalmomi biyu na Larabawan garin nan suka zama wuridina, ma'alesh da gudwa, wato ba komai, sai gobe. Tankin ruwa yana yoyo, gudwa. Injin iska yana wani irin kuka, ma'alesh. Har na fara yi wa masu kawo faci nasiha a kan illar gaggawa, suna tsaye da fasinja a mota.

Ana cikin haka cikin ƙanenki Habu ya tsufa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, zafi ya kori kowa daga titi, na zauna na haɗa shayi irin na mutanen nan, ina ɗaga shi sama ina saukewa don kumfa ta tashi. Innarki ta kira daga ɗaki ta ce, "Malam, ina jin lokaci ya yi."

Na ce, "Kwantar da hankalinki. Na Mamana ma sai da ya kwana ya wuni. Bari rana ta yi sanyi in nemo mota."

Ta ce, "Malam, wannan ba irin wancan ba ne."

Na ce, "Gaggawa daga Shaiɗan take. Likita ya hana ni."

Ta faɗi wata magana game da ni da likitan wadda ba zan rubuta ba.

Ke kina bakin ƙofa, shekarunki ba su fi goma ba. Ina jin haƙoranki har ƙara suke. Na buɗe baki zan ce miki ma'alesh, kafin in rufe babu ke. Ba takalmi kika fita, a kan ƙasar da in an fasa ƙwai zai soyu, kika ratsa unguwar Mahdiya har gidan Hajiya Kaltuma ungozoma, kika yi ta buga ƙofa har ta tashi daga barcin rana, kika jawo ta da mayafi a karkace. Da ta shiga ɗakin ta leƙo ta ce a kawo ruwan zafi. Ruwan zafin da ke gidan kaf shi ne shayina. Ke kika hura wuta, ke kika miƙa zannuwa, ke kika riƙe fitila don an ɗauke lantarki ɗakin kuma da duhu. Ni ina tsakar gida da ɗan kofi a hannu, cikin cikakkiyar natsuwa, ba ni da amfani ko na tsinke.

Habu ya zo da cibiya a wuya. Hajiya Kaltuma ta ce da an jira rana ta yi sanyi, da wani zancen ake yi. Da za ta tafi ta tsaya a kaina ta ce, "Mushe, 'yarka fitila rawa take a hannunta tun farko har ƙarshe, amma ko sau ɗaya ba ta kau da ita daga inda nake so ba." Sannan ta dubi kofin ta ce, "Kumfa ta yi kyau."

Sai da yamma muka ga tafin ƙafarki ya yi bororo. Ke ba ki ma sani ba. Tun ranar kike cewa ungozoma za ki zama, ni kuma tun ranar na koma hura tayata daidai gwargwado, ko da yake kin ga awon yakan kuɓuce mini. Yau da nake zaune a ƙasa da akwatinki a cinya, wannan ranar nake tunawa. Mutum biyu ne suka ji kiran innarki, kuma ɗaya daga cikinsu hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan.

Kina iya cewa in kin zauna kin huta da faɗuwar gaba. A bayan shago akwai wata sabuwar taya da wani ya saya ya ce in ajiye masa zai dawo. Ya yi arewa, bai dawo ba. Ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta san ƙusa ba, ba ta san lodi ba. Ki je ki gan ta. Rana ta tsattsage ta, ƙadangaru sun yi gida a ciki. Ashe wadda ba ta ɗauki kaya ba ma tana mutuwa, sai dai ba ta je ko'ina ba. Na san irin zaman da mutum yake yi da abin da ya kuɓuce masa, na daɗe ina yinsa da littafi a bakin injin iska. Ba ya kashe mutum. Yoyo yake a hankali, irin hujin da sai an tsoma a ruwa ake gani.

Jiya na duba motar Kawunki da kaina, taya huɗu da biyu na ko-ta-kwana, duk lafiya. Ya tsaya a kaina har na gama, ya kuma ɓoye famfo.

Allah ya kai ku lafiya, ya sassauta muku rana, ya rufe idon mugu a kowace bawwaba. Allah ya sa ki tarar da Gwaggo da mutanen gida lafiya. Ki gaishe su duka, ki gaida Ilu in kin gan shi, ki ce masa Malam Ilu, ban da ɗayan sunan. Allah ya buɗa miki abin da kika karanta ranar da kike nemansa, ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga matan da ba ki ma san su ba tukuna, ya kuma dawo mana da ke muna raye. Amin.

Ni ne,
Babanki

Af, na kusa mantawa. Maganar ranar Litinin ban yi daidai ba. Ɗakinki da zai zama ba kowa ne ya tsorata ni, sai na hura miki tsorona. Ki mayar da kayan. Ranar Asabar ni zan ɗauki akwatin zuwa mota, ki tabbata ya yi nauyi, bayana ba zai jure faɗuwa ta biyu ba.